Takardar da ta tambaye ni wa ke tuƙa motata

A Ingila mai gudun wuce ƙima bai cika haɗuwa da ɗan sanda ido da ido ba. Kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, bayan 'yan kwanaki wasiƙa ta biyo mai motar har gida. Ni ma'aikacin jinya ne a wani asibiti a Birmingham, kuma irin wannan wasiƙa ta same ni a kan gudun da ba ni na yi ba. Mota tawa ce, sunana ne a takardunta, amma a daren ƙanin matata ne ke riƙe da sitiyari. Abin da ya biyo baya ya taɓa zumuncinmu sosai, kuma na san gidajen 'yan uwanmu da yawa a ƙasar nan za su haɗu da irinsa, shi ya sa na ga ya dace in faɗi yadda ta kaya.

Wasiƙar shafi biyu ce. Na farko sanarwa ce cewa 'yan sanda na da niyyar gurfanar da wanda ya tuƙa mota mai lamba kaza, a titi kaza, daren Asabar, yana gudun mil 44 a awa a wurin da doka ta ce 30. Ga wanda ya saba da lissafin gida, kusan kilomita 71 ke nan a inda aka yarda da 48. Doka ta ɗora musu aiko wannan sanarwa cikin kwana 14 da faruwar abin, zuwa adireshin da DVLA, hukumar rajistar motoci da lasisin tuƙi, take da shi na mai motar. Shafi na biyu fom ne mai tambaya ɗaya: wa ke tuƙi a wannan lokacin? Ga gurbin suna, ga na adireshi, ga na ranar haihuwa da lambar lasisi, can ƙasa kuma wurin sa hannu. An ba ni kwana 28. Ko kwabo ba a ambata ba tukuna, domin ba a yanke wa mota tara, sai an san mutumin.

A gida mun saba laifin hanya yana ƙarewa a kan hanya. An tsayar da kai, ga ka ga jami'i, shi ya gan ka kai ka gan shi, babu gardamar wane ne direba. A nan kuwa na'ura ta ga lamba kawai, sai hukuma ta juyo ta dogara da bakinka. Duk nauyin tsarin yana kan wannan sa hannun, don haka ba sa wasa da shi. Wanda ya yi shiru bai mayar da fom ɗin ba ya aikata wani laifi na dabam, mai maki 6 a lasisi (makin hukunci ne da ake tara wa direba kan laifin hanya) da tarar da za ta iya kai fam 1,000, wato ya fi na gudun kansa tsanani. Ka ce ba ka tuna wanda ka ba aro ba ma ba ta cika fitar da kai, sai ka nuna ka yi iya ƙoƙarinka wajen ganowa.

Auta muke ce masa, don shi ne autansu. Ya zo karatun digiri na biyu, ya gama, ya kama aikin rarraba kaya gida-gida da wata 'yar ƙaramar motarsa. A makon nan motar tana gareji, ga walimar abokinsa a Coventry, sai ya ari tawa. Ni dama bas nake shiga idan ina aikin dare, saboda tsadar wurin ajiye mota. Alhamdu lillahi tun kafin nan na sa sunansa a inshorata. Wannan ma abu ne da sabon zuwa bai cika sani ba: a nan inshora tana bin direba ne, ba wai mota tana da takarda kowa ya hau ba. Wanda aka kama yana tuƙi ba sunansa, fam 300 ne da maki 6 nan take, ana iya ɗauke motar, kuma wanda ya ba shi aron ma yana cikin laifi.

Da na nuna masa takardar, sai na ga fuskarsa ta sauya fiye da yadda tarar irin wannan gudu, fam 100 da maki 3, za ta sa fuskar mutum ta sauya. Ashe yana da maki 3 tun baya, na tsallake danja. Tsohon direba sai ya tara maki 12 cikin shekara 3 kafin a dakatar da shi, galibi na wata 6. Amma akwai dokar sababbin direbobi ta 1995: wanda ya tara maki 6 cikin shekara 2 da cin jarrabawar tuƙinsa ta farko, an soke lasisinsa gaba ɗaya, sai ya koma ya nemi na koyo, ya sake jarrabawar rubutu da ta hanya. Lasisin Najeriya shekara ɗaya kawai yake yi wa mutum aiki a nan, don haka ko ka shekara ashirin kana zirga-zirga tsakanin Kano da Kaduna, ranar da ka ci jarrabawarsu kai sabon direba ne. Auta bai cika shekara biyun ba. Uku da uku shida, kuma da motar yake cin abinci.

Muna zaune a kicin, yara sun yi barci, yayarsa tana tsaye jikin firij. Ya buɗe shafin intanet da aka ba mu a wasiƙar, ya juyo min da wayar. Hoto biyu ne na bayan motata a kan fararen layukan nan da ake zanawa a gaban kyamara, lamba ta fito raɗau, amma ko inuwar direba ba a gani.

Ya ce, "Yaya, don girman Allah ka rufa min asiri. Kai lasisinka fes yake, maki uku ba za su yi maka komai ba. Kuɗin ni zan biya, har abin da inshora za ta ƙara maka. Dubi hoton nan, babu wanda zai taɓa sani."

Maganar ta shige ni. Ƙanin mata abokin wasa ne, amma wannan yaron ya wuce haka a wurina, ni na ɗauko shi daga filin jirgi, a ɗakin yarana ya fara kwana. Kuma an raine mu a kan cewa babba shi ke ɗauke wa ƙarami nauyi, ba a ce wa ɗan'uwa kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Na ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne ratar da ta hana shi tsira ba ta wuce mil 2 ba. Doka dai ta ce ko mil ɗaya ka ɗora a kan iyaka ka yi laifi, amma shugabannin 'yan sanda suna da jagorar da yawancin rundunoni a Ingila da Wales ke bi. A titin mil 30 sukan fara ɗaukar mataki daga 35. Daga nan zuwa 42 ana iya ba ka zaɓin zama ajin wayar da kai, ka biya kuɗin ajin, babu maki, muddin ba ka zauna irinsa ba cikin shekara 3 da suka wuce. Daga 43 zuwa 49 sai tsayayyar tara, fam 100 da maki 3. Daga 50 kuwa sai kotun majistare. A kotu albashinka ake dubawa: mataki na ƙasa kusan rabin abin da kake samu a mako, na tsakiya mako guda cur, na sama kuma, tun daga watan Afrilun 2017, mako ɗaya da rabi. Iyakar tarar fam 1,000 ce, ko 2,500 idan a babbar hanya ce. Wani lauya da muke salla tare ya gaya mana cewa idan Auta ya ƙi tsayayyar tarar ya tafi kotu, mil 44 a mataki na tsakiya yake, mai maki 4 zuwa 6, ga kuɗin shari'a. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Babu kuma wanda za a kira ya sa baki. A watan Mayun 2023, 'yan kwanaki bayan ya naɗa wa Sarki Charles kambi da hannunsa, an yanke wa Justin Welby, babban limamin cocin Ingila na lokacin, maki 3 da jimillar fam 510, don ya yi mil 25 a titin mil 20 kusa da fadarsa a Landan. Kuɗin tarar ma baitulmalin gwamnati suke tafiya, ba aljihun wanda ya rubuto wasiƙar ba, don haka ba shi da abin da zai rage maka.

Kwana biyu bayan nan saƙo ya zo daga Zariya. Hajiya surukata ba ta taɓa kira na kai tsaye a kan wata matsala ba, akwai kunya tsakaninmu, sai ta bi ta wurin 'yarta. Na ji muryar daga ɗaki: "Ashe mijin naki ba zai iya ɗauke wa yaron nan ɗan wannan abu ba? Ba kuɗi ba ne? In ba shi da su a faɗa min in aiko." A fahimtarta, an ci Auta tara ne ni kuma na ƙi taimakawa, kuma ina ganin duk wata uwa a gida haka za ta fahimta. Biya wa ɗan'uwa tara alheri ne da kowa ya sani. Abu mai wuyar bayyanawa ta waya shi ne, fam 100 ɗin kowa na iya biya masa, babu mai tambayar daga aljihun wa suka fito. Makin ne ba a ɗaukar wa wani, domin kafin su hau kanka sai ka rubuta da hannunka cewa kai ne ka yi abin da ba ka yi ba.

Lauyan nan bai yi min doguwar magana ba, sunaye biyu ya ambata ya ce in je in karanta. Na farko Chris Huhne, ministan makamashi a gwamnatin Birtaniya. A 2003 kyamara ta kama motarsa a babbar hanyar M11, matarsa Vicky Pryce ta karɓi makin a madadinsa. Shekaru suka shuɗe ba wanda ya sani, sai aurensu ya mutu, maganar ta fita. Ya sauka daga muƙaminsa a 2012, kuma a watan Maris na 2013 aka ɗaure su wata 8 kowannensu, shi da ya nema da ita da ta karɓa. Ta biyun ta fi kusa da mu: Fiona Onasanya, 'yar asalin Najeriya, lauya, 'yar majalisa mai wakiltar Peterborough. Mil 41 ne a titin mil 30, a 2017. Aka cika fom da sunan wani da ba ya ma ƙasar a ranar, masu bincike suka bi sawun wayoyinta suka ga suna yankin a daidai lokacin. A watan Janairun 2019 aka ɗaure ta wata 3, ɗan'uwanta wata 10, bayan nan mutanen mazaɓarta suka sa hannu aka raba ta da kujerar. Tuhumar da aka yi musu duka ba ta gudu ba ce, ta karkatar da shari'a ce, laifin da kusan kullum gidan yari yake kai mutum.

Sai na dubi nawa halin. A daren Asabar ɗin sunana yana jadawalin aiki, na buga katin shiga, na sa hannu a takardun magungunan marasa lafiya awa bayan awa, wayata tana aljihuna a asibiti. Ƙaryar da Auta ke ganin ba mai kamawa, tambaya ɗaya ce za ta rusa ta. Tsayayyar tara ba ta shiga kundin masu laifi, amma hukuncin kotu a kan ƙarya yana shiga, kuma hukumar da ke rajistar ma'aikatan jinya ba abin da take ƙi irin rashin gaskiya. Ga takardun zama, nawa da nasa, waɗanda ɗauri zai iya lalatawa. Ko da kuma ba a taɓa ganowa ba, labarin Huhne ya nuna min wani abu: daga ranar ni da shi kowa yana riƙe da wuyan ɗan'uwansa har abada, kuma ban ga yadda wannan zai ƙara mana zumunci ba.

Duk da haka ba ni na yanke maganar ba, maiɗakina ce. Ita ta taɓa zama ajin wayar da kan, shekarar da ta fara tuƙi a nan, kusan awa uku ta intanet, a kan kuɗin da bai kai fam 100 ba. Ta ce ta shiga ne tana ganin ɓata lokaci, ta fito da abu biyu da ba ta manta ba. Na ɗaya, duk titin da ka ga jerin fitilun kan hanya kuma babu allon da ya ce wani abu dabam, mil 30 ne, a Wales ma tun Satumbar 2023 ya koma 20. Na biyu shi ta maimaita wa ƙaninta a gabana. Mota mai mil 30 tana bukatar kusan mita 23 kafin ta tsaya, daga lokacin da direba ya hango abu. Idan kana mil 35 ka taka birki a wuri ɗaya da waccan, a daidai inda ita ta tsaya cak kai kana kan mil 18.

Ta ce masa, "Auta, wannan na 35 ne. Kai 44 ka yi, da dare, a cikin unguwa. Titin da ka bi irin wanda 'ya'yana ke tsallakawa ne zuwa makaranta. Kana so mijina ya yi shaidar zur don ka ci gaba da tuƙi yadda kake yi?"

Ta tuna masa ayar nan ta 135 a Suratun Nisa'i, wadda ta umarci masu imani su tsayu da adalci su yi shaida don Allah ko da a kan kansu ne, ko iyaye, ko dangi na kusa. Tana faɗa tana hawaye, don ta san abin da za ta ji daga gida. Ni a wurin aiki na sha ganin abin da mota ke yi wa jikin mai tafiya a ƙasa, amma ban iya faɗa masa kamar yadda ta faɗa ba.

Washegari na cika fom ɗin da sunansa, a gabansa, na ɗauki hotonsa da waya, na kai gidan waya na karɓi shaidar aikawa. Nasa fom ɗin ya iske shi, ya amsa cewa shi ne, aka aiko masa da tayin tara. Na tura masa fam 100 ɗin, ya mayar min da su. Daga baya wasiƙar DVLA ta zo, lasisi ya tafi.

Ba zan ce tsarin nan adalci ne tsantsa ba. Fam 100 ga mai babban albashi kuɗin cin abincin dare ɗaya ne, ga mai rarraba kaya kuwa wunin aiki ne. Maki 6 ga wanda ke aikin ofis wahalar shiga bas ce ta 'yan watanni, ga Auta kuwa sana'arsa ce ta tsaya. Masu aikin rarraba kaya ana auna su da minti, ana loda musu adireshi fiye da abin da lokaci zai ɗauka, ƙafa ta saba da taka totur, kuma idan kyamara ta haska direban ne kaɗai ke biya. Jiran ranar jarrabawar hanya ma watanni ne. Wannan duk gaskiya ne kuma yana damuna. Sai dai ba abu ne da ƙaryar da zan yi za ta gyara ba, kuma yaron da zai tsallaka titi ba ruwansa da dalilin saurin direba.

Abin da na iya yi na yi. Na biya masa fam 34 na lasisin koyo, fam 23 na jarrabawar rubutu, fam 62 na ta hanya, da kuɗin malamin tuƙi na 'yan darussa, wannan karon ta hannun yayarsa don kada ya sake mayarwa. Wani ɗan garinmu ya samo masa aikin dare a ma'ajiyar kaya. Ya daɗe ba ya zuwa gidan, in mun haɗu a masallacin Juma'a gaisuwa ce kawai a taƙaice.

A gidana kuma na sauya wasu abubuwa. Duk wanda zai ɗauki mota, ko na sa'a ɗaya ne, sai ya turo min saƙo da lokacin ɗauka da na dawowa, don idan takarda ta zo bayan mako biyu ba sai an yi ta tuna-tuna ba. Kafin in miƙa makulli ina faɗa a fili cewa in wasiƙa ta zo sunan mai tuƙi zan rubuta, wanda bai yarda ba ya bar motar. Faɗar haka tun farko ta fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan faɗarta bayan abu ya faru. Ina kuma matsa wa sababbin zuwa su sauya adireshi a takardar mallakar mota duk lokacin da suka tashi daga gida, ba a lasisi kaɗai ba. Mutanenmu suna yawan sauya haya, wasiƙa ta tafi tsohon gida, kwana 28 su wuce, a yanke wa mutum maki 6 a bayan idonsa a kan fom ɗin da bai taɓa gani ba.

Auta ya ci jarrabawar, ya koma kan hanya. Dokar shekara biyun ba ta sake hawa kansa, amma makin ba su goge ba, na gudu shekara 4 suke yi a rubuce, kamfanonin inshora kuma sukan tambayi na shekara 5, don haka abin da yake biya yanzu ya yi tsada ƙwarai. Ya dawo cin tuwo a gidanmu ranar Lahadi, har tsokana ta dawo, amma wannan maganar ba mu taɓa sake tayar da ita ba. Hajiya kuwa har yau tana ganin da na so da na yi. Da muka je gida hutu na nemi kawun matata ya yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya kyauta, ta kawo wata maganar.